"Ai Ganye Ne": Haɗarin Gamin Magunguna Daga Shahe Zuwa Kantin Kwari

Tun kafin gari ya waye kasuwar Shahe take cika. Unguwa ce a gundumar Tianhe ta birnin Guangzhou, a kudancin ƙasar Sin, kuma titin Lianquan da benayen da ke kewaye da shi suna cikin manyan wuraren sarin tufafi masu sauƙin kuɗi a ƙasar. Kasuwar sammako ce, wanda ya yi nawa sai ya tarar ana ɗaure kaya. Cikin masu kutsawa tsakanin 'yan dako da amalanke akwai mutanenmu na Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, da na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke sauka a Xiaobei ko Sanyuanli, su yi asuba su kama hanya. Da yawansu sun manyanta. Wani yana fama da hawan jini, wani da ciwon suga, wani da olsa, kuma kowa ya ƙullo maganinsa na wata guda a jaka tun daga gida.

Garin yana da zafi mai gumi a mafi yawan shekara, ɗakunan otal kuma da sanyin na'ura. Ga gajiyar jirgi, ga rashin barci, ga abincin da ciki bai saba da shi ba. Kwana kaɗan mura ta kama mutum. Kantin magani kuwa yana kowace kwana, sai dai ba harshen da ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Alhaji ya nuna hanci da maƙogwaro, a miƙo masa kwali, ya ga garin magani mai ƙamshin itatuwa da ake jiƙawa a ruwan zafi, sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce ai ganye ne, in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba.

Wannan magana ita ce tushen matsalar, kuma ba a Guangzhou kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta a kasuwar Kurmi, ana yin ta a shagunan magungunan Musulunci, ana yin ta a ɗakunan iyayenmu mata. Ganyen da ke da ƙarfin sauke zazzaɓi ko rage suga yana da sinadari mai aiki a jiki, kuma duk abin da ke aiki a jiki yana iya karo da wani abin da ke aiki a jikin. Wanda ya yarda gargajiya magani ce, dole ya yarda tana da ƙa'ida da haɗari irin na magani.

A ɗauki maganin murar da ya fi shahara a ƙasar Sin, mai lamba 999, wanda ake kira Ganmaoling. Akwai ganyaye a cikinsa da gaske, amma kowace 'yar jaka tana ɗauke da miligiram 200 na farasitamol, da sinadarin da ke cikin Piriton, da kafeyin. Kamfanin bai ɓoye ba, a rubuce yake a jikin kwalin, da rubutun Sinanci. Haka ƙwayar mura ta Wei C Yinqiao, ita ma akwai farasitamol a ciki. Yanzu a yi lissafi. Iyakar abin da babban mutum mai lafiyar hanta zai sha na farasitamol a yini giram 4 ne, wato Panadol biyu sau huɗu. Wanda ciwon jiki ya sa ya cika wannan adadi, ya ƙara da ƙwayar mura irin tamu ta gida sau uku, wadda galibi kowace ke da rabin giram, sannan ya kora da jaka uku ta garin nan, ya haura giram 6 a yini ɗaya, alhali a zuciyarsa magani uku daban-daban ya sha. In ya maimaita kwana uku ko huɗu, hanta ce ke biyan bashin.

Abin da ya fi tayar da hankali a gubar farasitamol shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Ranar farko tashin zuciya ne kawai, ko ma ba komai. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, gefen dama na ciki ya kama ciwo, lokacin wataƙila mutum yana cikin jirgi ko ya iso Kano, a ce shawara ce ta kama shi, a shiga jiƙa masa wasu saiwoyin. Akwai makarinta a asibiti, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko. Mu kuma muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Hantar da ke fama da wannan, ko wadda ke ɗauke da nauyin magungunan tarin fuka na wata shida, ba ta da sararin da lafiyayya take da shi.

Na masu ciwon suga ya fi wannan saurin kisa. Akwai wani sanannen magani mai suna Xiaoke Wan, ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, a Guangzhou ake yin sa, kuma halattacce ne mai rajista. Kowace ƙwaya goma tana da miligiram 2.5 na gilibenkilamid, wato sinadarin da muka sani a Daonil. Likitan ƙasar Sin ya san haka, ba zai haɗa wa mutum shi da irinsa ba. Ɗan kasuwar da aka ce masa ga na gargajiya mai saukar da suga, sai ya sayo kwali goma, nasa da na Hajiya da na wan mahaifinsa, kowa ya ɗora a kan wanda likita ya rubuta masa. Suga ya faɗi ƙasa warwas: gumi, karkarwa, ruɗewa, suma. Ga tsoho, ko mai raunin ƙoda, ko mai azumi, faɗuwar tana iya ɗaukar yini guda ko fiye tana dawowa, domin sinadarin yana daɗewa a jiki. Shi kuma mai shan sa zai yi ta yabon maganin a makon farko, saboda ya ga awon sugarsa ya sauka fiye da kullum. Haka labarin yake da ƙwayar hawan jini ta Zhenju Jiangya, wadda ta haɗa furen ganye da garin lu'ulu'u da magungunan asibiti guda biyu, ɗaya mai sa fitsari, ɗaya kuma kulonidin, wanda in aka yanke shi kwatsam jini kan yi tashin gwauron zabo.

Akwai wanda ya shafi addini ma. Ruwan maganin da ake ba mai ciwon ciki ko wanda zafi ya buga, Huoxiang Zhengqi Shui, a 'yan ƙananan kwalabe, yana da barasa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da bai taɓa kusantar giya ba a rayuwarsa yana iya shan ta bai sani ba. In kuma cikinsa ya ɓaci ya riga ya fara Flagyl, kamar yadda muka saba da zarar gudawa ta zo, to haɗuwar Flagyl da barasa kan jawo amai, bugun zuciya, jan fuska da jiri. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na dangin sefalosforin ma haka suke. Akwai nau'in maganin da ba barasa a cikinsa, amma sai wanda ya san ya tambaya.

Waɗannan duka maganin asibiti ne a cikin rigar gargajiya. Ganyen tsantsa ma yana da nasa, kuma fahimtarsa na buƙatar a san abin da ke faruwa da ƙwaya bayan an haɗiye ta. Hanji da hanta suna da wasu sinadarai da aikinsu shi ne sarrafa magani su fitar da shi, kamar jami'an kwastan a tashar jirgin ruwa. Likita yana auna adadin da zai rubuta ne bisa saurin da suka saba aiki. In wani abu ya ɗaure musu hannu, kaya su taru, magani ya yi yawa a jini ko da mutum bai ƙara ƙwaya ɗaya ba. In wani abu ya sa su gaggawa, sai su fitar da maganin tun bai yi aikinsa ba.

An gano babban misalin na farkon, mai ɗaure hannu, ne bisa tsautsayi. A 1989, wani mai bincike a Kanada, David Bailey, yana gwada yadda barasa ke shafar maganin hawan jini na felodifin, sai ya yi amfani da ruwan lemon garehul don ɓoye ɗanɗanon barasar. Maganin ya ninka a jinin waɗanda aka gwada, kuma da aka bi diddigi, lemon ne ya jawo. Kakan garehul shi ne ƙaton lemon nan da Sinawa ke kira youzi, wanda ake nomawa sosai a Meizhou ta lardin Guangdong, kuma yakan cika kasuwa a kaka, daidai lokacin baje kolin Canton na watan Oktoba. Yana da daɗi, yana da araha, kuma Musulmin da ke gudun naman da bai san yankansa ba yakan dogara da 'ya'yan itace. Ga mai shan nifedifin, ko simbastatin na rage kitsen jini, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan magungunan hana jiki ƙin ta, wannan lemo abin gudu ne. Tasirinsa kan kai kwana ɗaya zuwa uku, saboda haka ba a kauce masa ta hanyar shan magani da safe a ci lemo da dare. Takardar da ke cikin kwalin Coartem ma ta ce a guji ruwan garehul lokacin shan maganin.

Na biyun, mai sa gaggawa, babban misalinsa wani fure ne mai ruwan ɗorawa da Turawa ke kira ganyen Sen Jon, ana sayar da shi don damuwa da rashin barci, kuma yana cikin wasu haɗe-haɗen kwantar da hankali a ƙasar Sin. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahotanni biyu da suka girgiza masana. Ɗaya daga Amurka, ya nuna furen ya rage wani maganin ƙanjamau mai suna indinabir a jini da kashi 57 cikin ɗari. Ɗaya daga Zurich ta Suwizalan, kan mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar bayan sun fara shan furen. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, yana raunana maganin zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan karon ba ya zuwa da amai ko jiri da zai sa mutum ya farga. Maganin ne kawai zai daina aiki, a zargi likita ko a ce jabu aka sayar.

Waɗanda na fi jin tsoro a kansu su ne masu shan wafarin. Muna da su da yawa yanzu: matasan da aka sauya wa ƙyauren zuciya a Indiya ko Masar ko Sudan, da waɗanda jini ya taɓa daskare musu a ƙafa, da dattawa masu rikicewar bugun zuciya. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kare su da wanda zai sa su zubar da jini ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ake yawan auna musu jini. Jar saiwar nan ta danshen, wadda ake yi wa kirari da maganin zuciya da buɗe hanyoyin jini, tana ƙara wa wafarin ƙarfi, kuma likitoci a Hong Kong, maƙwabciyar Guangzhou, sun ba da rahoton marasa lafiya da suka yi zubar jini mai tsanani saboda haɗa su. An samu irin wannan da saiwar danggui da ake ba mata, da jajayen 'ya'yan goji da ake zubawa a shayi. Ganyen ginkgo, da ake sha don kaifin ƙwaƙwalwa, yana ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin. Ginseng kuma, wanda ya fi kowanne farin jini a wurin 'yan kasuwarmu, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna nau'insa na Amurka yana rage ƙarfin wafarin. Abin takaicin shi ne mai ciwon zuciya shi ne wanda za a fi tunawa da shi in an ga kwali mai hoton zuciya. Ƙauna ce ke sa a sayo masa abin da zai iya kai shi asibiti.

Ko shayin ganye na Guangzhou, liangcha, wanda mutanen garin ke sha don kashe zafin jiki, kuma sanannen cikinsu Wanglaoji ya samo asali tun 1828, yana buƙatar lura. Da yawa daga irinsa suna da saiwar gancao mai zaƙi, wadda Larabawa ke kira irƙus-sus suna jiƙa ta da azumi. Kofi ɗaya jefi-jefi ba komai. Shan ta kullum kuwa yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotasiyam, jini ya hau. Mai shan Lasix ko wani maganin sa fitsari dama yana asarar fotasiyam, in kuma yana kan digoksin, bugun zuciyarsa na iya rikicewa. A 2020 likitoci a Massachusetts ta Amurka sun ba da labarin wani magini ɗan shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya bayan ya shafe makonni yana cin alewar wannan saiwa kullum. Shayin rage tumbi mai filasko a ciki yana zubar da fotasiyam ta hanyar gudawa, ya kai mutum wuri ɗaya. Hukumomin Guangdong kuma sun sha kama masu ƙananan shagunan shayi da ke barbaɗa garin farasitamol da makamantansa a tukunya don a ce shayinsu yana ci.

Kada a ɗauka sai an je ƙasar Sin. Masananmu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada tsamiya tun 1996, suka ga tana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini, a 2003 kuma suka ga haka da ibufurofen. A Sudan, a 1994, an ga zoɓo da tsamiya da lemon tsami sun rage kulorokwin da jiki ke zuƙa ƙwarai. Mutane kaɗan aka yi gwaje-gwajen da su, kuma ba wanda zai ce a bar kunun tsamiya ko zoɓo saboda su. Abin da suke koyarwa shi ne a haɗiyi magani da ruwa zalla. Zoɓon da ake dafawa da kauri ana sha safe da yamma da niyyar magani yana sauke jini, kuma in ya haɗu da ƙwayoyin likita, jiri da faɗuwa na iya biyo baya. Hulba, zogale, shuwaka da garin kirfa, waɗanda masu suga ke haɗawa, kowanne ana shan sa ne don ya rage suga, to a kan insulin ko Daonil sai an riƙa awo. Tafarnuwar miya ba ta da laifi, amma ƙwayar tafarnuwa mai ƙarfi ta rage wani maganin ƙanjamau da kusan rabi a wani gwaji na 2002 a Amurka. Kanwa cike take da sinadarin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da gashin jego. Mai jegon da aka sallama da maganin hawan jini, aka kuma tasa ta da kunun kanwa kwana arba'in, gida yana warware abin da asibiti ya ɗaura.

Mafi muni shi ne abin da ba a rubuta ba ko da Sinanci, domin an ɓoye shi da gangan. Nan ne kasuwar maganin ƙarfin maza take, da zuma da kofi da alewa masu hoton damisa ko doki, waɗanda ake sakawa a lungun kwantenar tufafi, su ƙare a tashoshin mota da shafukan Facebook da TikTok. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, sinadarin Viagra, a cikin irinsu, ba tare da awo ba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, haɗuwar tana iya kayar da jini nan take har lahira. A Singafo, cikin watanni biyar na farkon 2008, an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon suga, sugarsu ya faɗi ƙasa. Da aka bincika, magungunan ƙarfin maza ne da aka gurɓata da gilibenkilamid. Bakwai suka yi doguwar suma, huɗu suka rasu. Kunya ta sa irin wannan ba ya fitowa a bakin maras lafiya, ko iyalinsa ba su san ya sha ba. A ɓangaren mata akwai sha-ka-fashe da haɗin ciwon gaɓɓai da ake cusa wa sitiroyid, mai tayar da suga da jini, wanda in ya haɗu da diklofenak yana iya huda ciki.

Ƙoda ma tana da labarinta. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta Beljiyam, an yi kuskuren musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, guang fang ji. Mata fiye da 100 suka samu ciwon ƙoda, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da sankarar mafitsara. Ƙasar Sin ta hana amfani da saiwar a 2004. Danginta na kusa yana dajinmu, shi ne duman dutse ko madacin ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a layin wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano ya san abin da ciwon ke yi wa gida da dukiya. Ƙodar mai suga ko hawan jini dama a gajiye take. In aka haɗa mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis kullum, sannan ga zafi da ƙarancin shan ruwa, an tara mata abin da ba za ta iya ba.

Wani zai ce wannan duk yaƙi ne da gargajiya. Guangzhou ɗin kanta ta ba da amsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ya ceci miliyoyin 'ya'yanmu daga ganyen tazargade ya fito, a wani shiri da gwamnatin Sin ta fara a 1967. Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, kuma Farfesa Li Guoqiao na Jami'ar Magungunan Gargajiya ta Guangzhou yana cikin waɗanda suka fara gwada shi a kan masu zazzaɓi mai tsanani a lardin Yunnan a tsakiyar shekarun 1970. Abin da suka yi shi ne girmama ganyen har suka tace sinadarinsa, suka auna shi, suka san adadinsa da abokin haɗinsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi maganin zazzaɓi da shayin tazargade: adadin da ke cikin kofi ba shi da tabbas, yana iya kwantar da zazzaɓi bai kashe ƙwayar ba, ya koya mata jure maganin da muka dogara da shi. Masu maganin gargajiya na ƙwarai a wurinmu ma sun san da haka. Za ka ji suna cewa kada a haɗa kaza da kaza, kada mai ciki ta sha. Mai lasifika a bayan mota ne ke cewa maganinsa yana tafiya da komai.

A ganina, rabin laifin yana ɗakin likita. Maras lafiya ya san in ya ce yana shan jiƙo za a yi masa tsawa a gaban mutane, sai ya yi shiru. Likitan da ke da mutum ɗari a layi shi ma ba ya tambaya, ko ya tambaya da sigar da amsarta a'a ce. Kuma a wurin yawancinmu "magani" na nufin ƙwaya da allura. Shayin da ɗa ya kawo daga Caina, da habbatus sauda, da ƙarin abincin da maƙwabciya ke tallatawa na kamfanonin nan masu jawo-wani-ka-samu, ba sa shiga lissafi. Likita ya ga jini ya ƙi sauka ya ƙara ƙwaya, alhali saiwa ce a kofin shayi ke tayar da shi. Da ma'aikatan lafiyarmu za su riƙa cewa, "Baba, ban da wannan, me ake jiƙa maka a gida?" cikin sakin fuska, da sun ji abin da awo ba zai nuna musu ba. Ba a raba mutane da abin da suka gada da faɗa, amma ana iya gaya musu wanne ne zai zauna lafiya da maganinsu, wanne ne ba zai zauna ba.

Lambar hukuma ma a san iyakarta. Maganin gargajiyar da NAFDAC ta yi wa rajistar wucin gadi lambarsa tana ƙarewa da harafin L, kuma a jikinsa akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. An duba cewa ba guba ba ne shi kaɗai. Ba a gwada shi tare da wafarin ko insulin ɗin wani ba. A ƙasar Sin, lambar rajistar magani tana da harafin H ga na asibiti, Z ga na gargajiya, alamar shuɗiyar hula kuma ta ƙarin abinci ce, wanda doka ba ta yarda a ce yana warkar da cuta ba. Sai dai Z ba ta nufin ganye zalla, domin 999 da Xiaoke Wan duka Z gare su. Kwalin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, a bar shi inda aka gan shi.

Wayar da ɗan kasuwa ke ciniki da ita a WeChat tana iya fassara rubutun kwali da kyamara cikin daƙiƙa kaɗan, kuma wurin da za a haska shi ne jerin abubuwan da ke ciki, ba sunan ba. Tafintan da ake biya don ya raka mutum masana'anta zai iya raka shi kantin magani na minti goma, a nuna wa mai kantin ƙwayoyin da aka zo da su daga gida. Mai shan wafarin, maganin ƙanjamau, na tarin fuka, na farfaɗiya, na sankara, ko wanda aka yi wa dashe, da mai ciki, kada su ƙara komai sai da sanin likita. Wanda za a yi wa tiyata ya faɗi abin da yake sha tun da wuri, domin galibi ana so a dakatar da irin waɗannan mako biyu kafin aiki. Raba lokaci da awa biyu ko fiye yana taimakawa a wasu, kamar ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarfin ƙashi da sifurofuloksasin, amma ba ya hana karon da ke faruwa a hanta.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu shi ne a cire magani daga cikin tsaraba. A kawo wa iyaye yadi, a kawo dardumar salla, a kawo na'urar awon jini da ta awon suga, waɗanda suke da araha a can kuma za su yi amfani shekara da shekaru. Wanda kuma ya riga ya haɗa, ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko jini a dasashi da fitsari, ko ido ya yi ɗorawa, ko gumi da karkarwa da ruɗewa, ko fitsari ya ragu ƙafa ta kumbura, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. A zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na kemis da na jiƙo da mai rubutun Sinanci, har wanda ake jin kunyarsa, a ajiye a gaban likita.